Gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne

Masu rubuta manhajar kwamfuta suna da wata al'ada da na ga ya kamata mu da muke kiran kanmu marubuta mu san da ita. A ƙungiyar da ta san aikinta, ba wanda ke rubuta abu ya zuba shi cikin aikin jama'a kai tsaye. Sai wani ya karanta tukuna, layi bayan layi, ya yi tambaya inda bai gane ba, ya ce a gyara nan a sake can, sannan ya sa hannu. Sabon shiga da tsohon hannu duk ta ƙofar nan suke bi. Haka ake yi wa kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, haka kuma ake yi wa takardun bayani da ke tafiya tare da shi. Su suna da sunayen da suke kiran abin da Ingilishi da Faransanci. Ni bita nake ce masa, kuma kalmar ta ishe ni.

Ni ba ƴar infomatik ba ce. Ilimin harshe nake karantawa a Yamai, shekara ta uku. Abin da ya kai ni cikinsu shi ne wasu ɗalibai huɗu da suka ɗauki aikin haɗa ɗan ƙamus na Hausa da Faransanci, wanda zai yi aiki a waya ko babu intanet. Suna da magina, ba su da mai kula da kalmomi, sai suka neme ni. Wata takwas ke nan muna tare. Na shiga da niyyar tantance kalmomi, sai na tarar da abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda mutane biyar ke gyara wa juna aiki kullum, kuma har yau suna shan shayi tare.

Ga yadda abin yake tafiya. Aikin gaba ɗaya yana ajiye wuri guda, ana kula da shi da wata manhaja mai suna Git, wadda Linus Torvalds, mutumin Finlan ɗin nan da ya fara Linux a 1991, ya rubuta a 2005. Git ba ta mantuwa. Kowane canji, wa ya yi shi, yaushe, wane dalili ya bayar, duk tana riƙe da su. In kana son ƙara wani abu, sai ka cire reshenka ka yi aikinka a gefe, ba ka taɓa na jama'a. In ka gama sai ka miƙa, tare da ɗan bayani: ga abin da na canja, ga dalili. Mai bita zai ga layukan da ka cire da ja, waɗanda ka ƙara da kore, kuma yana iya ajiye magana ƙarƙashin kowane layi. Ka amsa, ka gyara, ya sake dubawa. Sai ya ce ya yarda sannan reshenka ya koma jikin uwar aiki. Mu a GitHub muke yi, dandalin da aka buɗe a 2008. Ran da mega ya ƙare kuwa, mu zagaye kwamfuta ɗaya a inuwa bayan amfi, a yi da baki.

Al'adar ta girmi waɗannan kayan aiki. A 1976 wani injiniyan kamfanin IBM, Michael Fagan, ya wallafa tsarin da suke bi wajen binciken kod. Taro ake yi na mutane kaɗan, kowa da aikinsa, akwai mai jagoranci, kuma kowa ya riga ya karanta kafin ya zo. Wani ne ke bin kod ɗin yana faɗin abin da ya fahimta da bakinsa, marubucin yana saurare. Zaman ba ya wuce awa biyu. Abu biyu suka burge ni a tsarin. Na farko, a wurin taron kurakurai kawai ake nema, gyaransu aikin marubucin ne bayan an tashi. Na biyu, Fagan ya ja kunnen shugabanni kada su ɗauki yawan kurakuran da aka samu su auna ma'aikaci da shi. Ya san mutane. Ran da kuskure ya zama abin da za a rage maka albashi a kansa, ran nan kowa zai fara ɓoye nasa, abokinsa kuma ya taya shi rufewa.

Me ya sa ake wannan wahala? Hausawa sun riga sun faɗa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ɗaliban harshe mun san dalilin a aikace. Wanda ya rubuta jimla, in ya zo karantawa, abin da ya yi nufi yake gani, idonsa yana cike masa gurbin kalmar da hannunsa ya tsallake. Kwamfuta kuwa ba ta san nufi ba, abin da aka rubuta shi take bi. Ran 1 ga Agusta 2012, wani kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka, Knight Capital, ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin minti 45. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sayen ƙosai ba. An sa sabuwar manhaja a manyan kwamfutocinsu bakwai, aka tsallake ta takwas, ita kuma ta farfaɗo da wani tsohon kod da aka daina aiki da shi, ta yi ta saye da sayarwa ba birki. Da hukumar da ke kula da kasuwar ta yi bincike, cikin abin da ta lissafa har da cewa ba a sa ma'aikaci na biyu ya duba aikin na farko ba.

Amma kada a ce da an sa ido na biyu shi ke nan an tsira. A Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka, wadda aka laƙaba wa Heartbleed, a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke ɓoye sirrin mutane da ita. Abin yana da sauƙin fahimta. Kwamfutarka na aika wa ta can ɗan saƙo, ta faɗi tsawonsa, ta ce a maido mata shi don ta tabbata layin na raye. To ita ta can ba ta auna saƙon, yarda kawai take yi. Ka aika harafi huɗu ka ce ɗari biyar ne, sai ta maido maka huɗunka ta cika sauran da abin da ke kusa cikin ƙwaƙwalwarta, ko da kalmar sirrin wani ce. Kod ɗin ya shiga a ƙarshen 2011, kuma an yi masa bita, mutum ɗaya ya duba ya wuce da shi. Sama da shekara biyu yana nan a fili, kowa na iya karantawa, kafin a farga.

Shi ya sa masu abin suka damu da yawan abin da ake miƙa wa mai bita. Wani bincike da kamfanin SmartBear ya yi a Cisco ya ba da shawarar kada a wuce layi 200 zuwa 400 a zama ɗaya, kuma bayan kamar awa guda ido ya fara gajiya. Mu ma mun ga haka a ɗan aikinmu. Canji mai layi goma yakan sha tambayoyi biyar. Mai layi dubu kuwa, sai a gungura shi sama da ƙasa a ce ya yi kyau. Sai muka yi doka: kaya ya yi nauyi, a raba shi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da maganarsa guda.

Akwai kuma wata riba da ba a cika lissafawa ba. A 2013 Alberto Bacchelli da Christian Bird sun bincika yadda ake bita a Microsoft. Ma'aikata sun ce babban dalilinsu shi ne kama kurakurai, amma da aka karanta maganganun da suke bar wa juna, sai aka ga na kurakurai ba su ne suka fi yawa ba. Mafi yawa na kyautata rubutun ne, kuma babban aikin mai bita shi ne ya fahimci abin da ke gabansa. Wato bita makaranta ce. Ga ƙungiyar ɗalibai irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yau wannan yana jarrabawa, gobe wancan ya tafi Tawa hutu, wata shekara babbanmu zai gama ya kama gabansa. In kowane sashe na aikin yana cikin kan mutum ɗaya ne kawai, ran da ya hau mota aikin ya hau tare da shi.

Yanzu in zo ɓangaren da ya fi kusa da ni, takardun bayani. Su ne ke faɗin yadda ake girka manhaja, yadda ake aiki da ita, me wannan sashe ke karɓa, me yake bayarwa. Magina da yawa suna ɗaukar su kamar wanke-wanke bayan biki. Amma kod in ya karye yakan yi ƙara, kwamfuta ta tsaya ta nuna jan rubutu. Takarda in ta tsufa shiru take yi, ta ci gaba da ba da tsohon labari da cikakken tabbaci, mai karatu yana bin ta.

Ran 23 ga Satumba 1999 hukumar NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da zai fara zagaya duniyar Mars. Takardar yarjejeniya tsakanin ɓangarorin aikin ta ce a ba da lissafin ƙarfin tura kumbon da ma'aunin newton. Wata manhaja ta ɓangare ɗaya kuma tana fitar da shi da ma'aunin fam irin na Amurka, wanda ya ninka wancan sau huɗu da kusan rabi. Lambobi na tafiya, kowa na karɓa, kowa da abin da yake nufi da su, wata da watanni. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zama tiyar waccan ba. Takardar ta faɗi daidai, kod ya yi nasa daban, kuma ba a aza su gefe da gefe an gwada ba. Wannan ma aikin bita ne: a karanta abin da aka ce za a yi, a karanta abin da aka yi, a ga ko sun haɗu.

Wani abin da ya faranta mini rai a matsayina na ɗalibar harshe shi ne wata ƴar takarda ta 1997, RFC 2119, wadda Scott Bradner ya rubuta wa masu tsara ƙa'idojin intanet. Aikinta kawai ta kafa ma'anar wasu kalmomi. In an rubuta MUST da manyan baƙaƙe, dole ne, babu zaɓi. In an rubuta SHOULD, ana iya kaucewa in akwai ƙwaƙƙwaran dalili, bayan an auna abin da zai biyo baya. In an rubuta MAY, ganin dama ne. Injiniyoyi ne suka zauna suka yi aikin ilimin ma'ana don sun gaji da gardama. Da na zo rubuta jagorar ƙamus ɗinmu da Hausa, sai na aro dabarar. "Dole" na abin da in ba a yi ba manhajar ba za ta tashi ba. "Ya kamata" na abin da ya fi. "Ana iya" na ganin dama. Muka hana "sai a" shiga jagorar, don "sai a danna nan" yana iya zama umarni, yana iya zama shawara, yana iya zama labarin abin da ke biyo baya, mai karatu kuma ba ya jin muryarka balle ya rarrabe.

Bitar takarda tana da hanyarta. Ba a zaune ake yin ta ana gyaɗa kai ba. Ɗaukar ta ake yi a bi ta mataki-mataki kamar baƙon da bai san garin ba, abin da ba ta faɗa ba kada ka yi shi. A nan rashin sanina na kod ya zama jari. In takarda ta ce a buɗe wuri kaza, ni kuma ban ga wurin a tsohuwar wayata ba, sai in rubuta: a mataki na uku na tsaya. Sau da yawa sai a tarar akwai wani mataki da marubucin ya saba yi har ya daina ganin sa a matsayin mataki. Muka ƙara doka ta biyu: canjin da ya taɓa yadda manhaja ke aiki ba ya wucewa sai ya zo da gyaran takardarsa a ƙulli ɗaya. "Zan rubuta daga baya" mun san inda yake ƙarewa.

Gardama mafi zafi da muka yi a kan baƙaƙe masu lanƙwasa ce: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Babbanmu, wanda ya fi kowa iya aikin, ya lura mutane ba sa samun kalmomi in sun nema, don yawancinmu a waya "kasa" muke bugawa ko da "ƙasa" muke nufi. Dabarar da ake cire wa baƙaƙen Faransanci ƴan hulunansu da ita ba ta aiki a kan namu, don a tsarin Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k da aka ɗora wa alama ba. Sai ya rubuta ɗan kod da hannunsa mai mai da kowane ƙ ya koma k, kowane ɗ ya koma d, tun lokacin da ake ajiye kalmar cikin rumbu. Kod ɗin tsaf yake, gwaji ya wuce, wanda ya fara dubawa ya yarda. Ni kod ɗin ban iya karanta shi duka ba, amma bayanin da ya rubuta a sama na karanta, kuma na gane cewa in wannan ya shiga, baki da baƙi sun zama kalma ɗaya, haka kafa da ƙafa, bari da ɓari, da da ɗa. Ƙamus ke nan zai koya wa yaro cewa bambancin da kunnensa ke ji ba shi da wuri a rubuce.

Na daɗe ina juya yadda zan faɗa. Ya girme ni, shi ya kawo ni cikin aikin, kuma matsalar da yake son warwarewa gaskiya ce. Abin da na rubuta shi ne: "Yaya, in an ajiye su haka, ta yaya manhajar za ta san wanda za ta nuna in mutum ya nemi baƙi? Ga kalmomi goma sha biyu da za su haɗe." Na jera su. Ya amsa da dare: "Ƙanwata, mutane ba su da waɗannan baƙaƙe a wayarsu, so kike su nema su rasa?" Muka kwana biyu a kai. Mafitar daga ƙaraminmu ta fito: a ajiye kowace kalma sau biyu, ɗaya da rubutunta na gaskiya don nunawa, ɗaya marar lanƙwasa don nema kawai. Ka buga "kasa", a kawo maka kasa da ƙasa, ka zaɓa. Dabarar ta warware mana har da wata matsalar, don mu a Nijar, bisa ƙa'idar rubutu ta 1999, ƴ muke rubutawa, ƴan uwanmu na Najeriya kuma 'y, ga shi muna so kowa ya samu abin da ya zo nema. Babu ɗayanmu da ya zo da wannan amsa a aljihu. Tambaya ce ta haife ta.

Ƙaramin namu shi ya kama wata kuma. A harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, SQL, alamar nan da muke sa wa hamza a "jama'a" da "sa'a" ita ce ke buɗe zance ta rufe shi. In an yi sakaci wajen haɗa tambayar, kwamfuta na isowa tsakiyar kalmar sai ta ɗauka zance ya ƙare. Ya gwada neman "ma'ana" a ƙamus, manhajar ta faɗi. Muka yi dariya, amma ya nuna mana cewa ta wannan ƙofa ce ɓarayin intanet ke cusa nasu umarnin cikin rumbunan mutane. Ku tuna sunaye nawa ne a garuruwanmu ke ɗauke da wannan alama, sannan ku tuna rajistar makaranta da ta asibiti duk suna komawa kwamfuta. Wanda bai san harshen ba zai yi gwajinsa da kalmomin da ba su da ita, ya ga komai lafiya lau.

Abin da ya fi kod wuya shi ne baki. A aji mun karanta Penelope Brown da Stephen Levinson, waɗanda littafinsu na 1987 ya yi bayanin yadda mutane ke kare fuskar juna cikin zance, da yadda gyara da suka ke barazana ga wannan fuska. Mu ba sai an fassara mana ba, muna da kunya, muna da kara, muna da girman na gaba. An tarbiyyantar da mu cewa ƙarami ba ya ce wa babba ka yi kuskure, mace ba ta tsinka namiji gaban abokansa, aboki kuma yana rufa wa abokinsa asiri. Tarbiyya ce mai kyau a gida da fada. A wajen bita kuwa, in ba a yi hankali ba, sai ta zama hanyar da kuskure ke bi ya wuce da rakiya. Wani gefen kuma akwai wanda in aka ba shi aikin wani ya duba, sai ya ga ranar nuna gwaninta ta zo. Rubutu ba shi da murmushi, ba shi da sassauta murya. "Me ya sa ka yi haka?" a baki tambaya ce, a rubuce tsakar dare tuhuma ce.

Masu sana'ar sun daɗe suna fama da wannan. Tun 1971 Gerald Weinberg ya yi kira ga masu rubuta manhaja su raba kansu da abin da suka rubuta, kada a taɓa kod su ji kamar an taɓa mutuncinsu. Kamfanin Google, inda ƙa'ida ce canji ya bi ta hannun mai bita, ya fitar da jagorarsa fili a 2019. Cikin abin da ta ƙunsa: a yi magana kan kod, a bar marubucinsa, a faɗi dalilin kowane gyara, ƙananan abubuwan da ba dole ba a yi musu alama don marubuci ya san yana iya barin su, kada a bar mutum yana jira fiye da yinin aiki guda, kuma in canjin ya kyautata aikin a kan yadda yake, a yarda da shi ko bai kai matuƙa ba. Abin da ya shafi tazara da jeri da ƙawa kuwa, ƙungiyoyi da yawa sun bar wa na'ura ta daidaita, don kada mutane su ɓata zumunci kan waƙafi.

Mu mun ɗauki waɗannan muka ɗinka su daidai jikinmu. Muna fara bita da faɗin abin da muka fahimta: "Na gane kana so ne nema ya yi sauri." In fahimtar ta kauce, tun nan za a gyara ta. Muna kawo misali maimakon hukunci, don da wuya a yi fushi da jerin kalmomi goma sha biyu. Muna rubuta "dole" ko "shawara" a gaban kowace magana. In amsa ta kai uku ba a daidaita ba, a ajiye waya a haɗu ido da ido. Abin da ya fi duka tasiri kuma, babbanmu da kansa yake miƙa aikinsa ga ƙaraminmu, a gaban kowa, ya yi godiya in an kama masa wani abu. Tunda na gaba ya miƙa wuya, kunya ta samu hanyar fita. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, amma sai mai kayan ya nuna ya san haka.

Saura maganar sa hannu. J. L. Austin ya koya mana cewa akwai maganar da faɗinta shi ne aikata ta, kamar "na yi alkawari" ko "na shaida". "Na duba, na yarda" irinta ce. A aikin Linux, sunan wanda ya yi bita yana shiga cikin tarihin canjin ya zauna. Wanda ya ce ya duba alhali gungurawa kawai ya yi, shaidar zur ya bayar, ko da don kara ya yi. Hatsarin yarda ba dubawa ya fito fili a Maris 2024, lokacin da wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya tarar da ƙofar sata da aka dasa cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse bayanai da ke cikin kwamfutocin Linux ba iyaka. Wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana taimako, yana gyare-gyare masu kyau, har mai kula da aikin, wanda nauyi ya yi wa yawa shi kaɗai, ya ba shi mabuɗi. An gano ta kafin ta bazu. Darasin da na ɗauka: a yarda da mutum, a kuma karanta abin da ya kawo. Dokar da ta hau kowa ba ta zargin kowa.

Kada kuma mu ɗauka daga waje aka fara kawo mana wannan tunani. Masu kwafar littattafai da hannu cikin rubutun Larabci da ajami suna da muƙabala: in an gama kwafa, a aza sabon kusa da na asali, wani na karantawa wani na bi, abin da aka tsallake a rubuta shi a gefen shafi, a sa masa alamar ya inganta. Tsofaffin littattafan hannu irin waɗanda ke ajiye a cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai sun fito ne daga wannan al'ada. Magabata ba su ga gyara a gefen shafi a matsayin abin kunya ba. Shaida ce cewa littafin ya bi ta hannun mutum fiye da ɗaya.

To ƴan uwa, ga inda na dosa. Wannan ɗan littafi da ke hannunku, da kuɗin aljihunmu muke buga shi, kuma in ya fita daga injin fotokopi ya fita ke nan, magana zarar bunu. Manhaja ana iya aika mata gyara gobe, takardar da ta isa Maraɗi ko Damagaram kuwa ba mai kiran ta ta dawo. Amma sau nawa muke miƙa wa juna rubutu mu ji "wallahi ya yi kyau" cikin minti biyu? Ina ba da shawarar abu huɗu ga fitowa ta gaba. Kowane rubutu ya bi ta hannun mutum biyu, ɗaya ya duba ƙa'idar rubutu da lanƙwasa, ɗaya ya duba ko zancen ya tsaya da ƙafarsa, shekarun da sunayen da aka ambata kuma daidai ne. Marubuci ya haɗo da layi biyu na abin da yake son faɗa, don mai bita ya auna ko ya faɗe shi. Mai bita ya rarrabe dole da shawara, ya maido cikin kwana uku. Sannan a rubuta sunan mai bita a ƙasan rubutun, ƙarami, kusa da na marubuci, don ya san shi ma da nasa a ciki.

Wanda ya fi daɗewa cikinmu shi ya kamata ya fara miƙa nasa, ga wanda ya shigo bana. Ni ma ga nawa nan. Akwai fili a gefen shafi, ku sa bik.